Daga Ɗiyauci Zuwa Rashin Wayo: Tarihin Kalmar *Ingenuous*

Akwai wata kalmar Ingilishi da kan rikita hatta waɗanda suka yi nisa a harshen, ita ce *ingenuous*. In aka duba ƙamus za a ga siffa ce ta mutumin da abin da ke bakinsa shi ne a zuciyarsa, wanda bai iya ƙumbiya-ƙumbiya ba, kuma ba ya tsammanin wani zai yi masa. A takarda kam yabo ne tsantsa. Sai dai ma'aikacin da ya ga an siffanta shi da ita a takardar shaidar hali, ko a rahoton ƙarshen shekara da shugabansa ya rubuta, yana da dalilin da zai tsaya ya yi tunani kafin ya yi murna. Baturen Ingila na wannan zamani idan ya kira baligi da wannan kalma, sau da yawa nufinsa shi ne: mutumin kirki ne, amma kada a tura shi ciniki shi kaɗai. Yabon yana tafe da tausayi, tausayin kuma yana goye da ɗan raini.

Ba a haka ta fara ba. Lokacin da ta shiga Ingilishi, shekara 400 da ɗoriya da suka wuce, tana cikin manyan kalmomin da ake girmama mutum da su. Kafin nan kuma, a tsohuwar daular Rum, ba ma kalmar hali ba ce. Kalmar shari'a ce, wadda ke yanke wa zai auri wa, wa kuma zai riƙe muƙami. Gangarowarta daga can zuwa nan ta bi sawun yadda Turai ta sauya ra'ayinta game da mai faɗin abin da ke ransa.

Wanda aka haifa ɗa

Asalinta *ingenuus* ne a harshen Latin, daga tushen da ke nufin haihuwa: wanda aka haifa a ciki, ɗan gida, ɗan ƙasa. Masanin shari'a Gaius, wanda ya rubuta littafin koyar da ɗaliban shari'a wajen shekarar 161 Miladiyya, ya fara ne da raba mutane gida biyu, masu 'yanci da bayi. Daga nan ya sake raba masu 'yancin biyu: wanda aka haifa da 'yancinsa, shi ne *ingenuus*, da wanda aka 'yanta bayan ya ɗanɗani bauta, shi ne *libertinus*. Wannan rabo ya daɗe har ya shiga littafin dokokin da Sarki Justiniyan ya fitar a 533. Ma'aunin kuwa uwa ce. In tana da 'yanci ranar da ta ɗauki ciki, ko ranar da ta haihu, ko ma na ɗan lokaci a tsakanin biyun, to abin da ta haifa ɗa ne, ko da ubansa bawa ne.

Tazarar da ke tsakanin ɗa da 'yantacce ba ƙarama ba ce. 'Yantaccen bawa yana iya zama ɗan ƙasa, yana iya tara dukiya fiye da ta wanda ya 'yanta shi, amma igiya ba ta gama kwancewa daga wuyansa ba. Tsohon ubangidansa yana bin sa ladabi da wasu ranakun aiki, kuma ba ya kai shi ƙara sai da izinin hukuma. Dokar aure da Sarki Augustus ya kafa a shekara ta 18 kafin Miladiyya ta hana 'yan majalisar dattawa auren 'yantattun mata. Wata dokar ta shekara ta 24 Miladiyya ta tanadi hukunci a kan 'yantaccen da ya yi shigar 'ya'ya ya karɓi muƙamin gari. Tun yana yaro ake gane ɗa a titi, domin yana rataye da wata 'yar laya a wuya, mayafinsa kuma yana da jan baki. Mawaƙi Horace ɗa ne a shari'a, amma mahaifinsa 'yantacce ne, kuma ya koka da yadda ake yi masa gori da hakan. Tabon bauta yana gogewa daga doka cikin zuriya ɗaya, amma ba ya saurin gogewa daga bakin mutane.

Abin dariya a nan shi ne Rumawa sun san wannan matsayi ƙirƙirar doka ce, tunda sarki yana iya ba 'yantacce takardar da ake kira mayar da haihuwa, a riƙa ɗaukarsa tamkar uwarsa ba ta taɓa zama baiwa ba. A 539 Justiniyan ya ba dukkan 'yantattu wannan gata gaba ɗaya. Amma kafin lokacin kalmar ta riga ta yi wata ma'ana ta biyu wadda babu dokar da za ta soke ta.

Ma'anar ta biyu ita ce hali. Rumawa, da Girkawa kafin su, sun yi imani cewa ɗa ba shi da dalilin yin ƙarya, domin ƙarya makamin matsoraci ce. Aristotle, a littafinsa na ɗabi'u, ya siffanta mai girman rai da cewa ba ya ɓoye ƙauna ko ƙiyayya, kuma yana magana a fili, saboda ɓoye-ɓoye daga tsoro yake fitowa. Don haka a bakin marubuta irin su Cicero, *ingenuus* ta zama siffar mai kunya, mai mutunci, mai magana ɗaya. Ilmin da ya dace da irin wannan mutum, kamar nahawu da balaga da falsafa, shi ma aka kira shi da wannan suna, don a bambanta shi da sana'ar hannu. A ɗaya gefen kuma akwai bawa, wanda wasannin barkwanci na Plautus suka mayar da shi sarkin makirci da dabara. Kotun Rum ba ta karɓar shaidar bawa sai an azabtar da shi, bisa zaton cewa gaskiya ba ta fita daga bakinsa da daɗi.

Akwai zalunci a ƙunshe cikin wannan tunani, kuma ya kamata a faɗe shi. An ɗauki mutum an rataya cinsa da shansa da lafiyar fatar bayansa a kan yanayin fuskar ubangidansa, sannan aka dawo ana zarginsa da iya karanta fuska. Wanda za a yi wa bulala in ya faɗi ra'ayinsa, dole ya koyi shiru da wayo. Abin da masu mulki suka kira kyakkyawar ɗabi'arsu, rabinsa gata ne kawai. Duk da haka sun hango wani abu na gaskiya: faɗin gaskiya yana da tsada, kuma ya fi sauƙi ga wanda abincinsa ba ya hannun wanda zai faɗa wa.

Ba wannan kalma kaɗai ta bi wannan hanya ba. *Frank*, wato mai magana keƙe-da-keƙe, sunan ƙabilar da ta ci ƙasar da ta zama Faransa ne, su ne masu 'yanci a cikinta. *Generous*, mai kyauta, asalinta ɗan babban gida. *Villain*, mugu, asalinta talakan da ke noma gonar ubangida. Larabci ma yana kiran ɗa *hurr*, yana kuma kiran tsantsar abu mai kyau da wannan suna. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Kalmar ɗa tana nufin wanda aka haifa, tana kuma nufin kishiyar bawa, daga gare ta aka sami 'yanci da ɗiyauci. Ɗiyauci kuwa ya haɗa ma'anonin biyu daidai yadda Latin ta haɗa su: matsayin wanda ba a mallake shi ba, har ana cewa ɗiyaucin ƙasa, da kuma halin wanda ba ya yin abin kunya. Da za a nemi fassarar *ingenuus* ta zamanin Cicero a Hausa, da wuya a sami wadda ta fi "mai ɗiyauci".

Tagwaye a Ingila

Kalmar ta shiga Ingilishi a shekarun 1590, zamanin da marubutan Ingila ke kwasar kalmomin Latin da hannu bibbiyu. Ta zo da ma'anarta ta girma: mai daraja, mai mutunci, wanda ba ya munafunci. Amma ta tarar da wata 'yar'uwarta da ta riga ta zuwa tun ƙarni na 15 ta hanyar Faransanci, wato *ingenious*, mai basira, mai dabara. Ita wannan daga *ingenium* ta fito, baiwar da aka haifi mutum da ita. Tushensu ɗaya, harafi ɗaya ne kuma ya raba su a rubuce, a lokacin da ƙa'idar rubutun Ingilishi ba ta zauna ba, kowane mai ɗab'i yana jera haruffa yadda ya ga dama.

Sai suka cakuɗe. Kusan tsawon ƙarni na 17 ana rubuta ɗaya a gurbin ɗaya. A farkon wasan Shakespeare mai suna *The Taming of the Shrew*, saurayin da ya zo birnin Padua neman ilmi ya siffanta karatun da zai yi da *ingenious*, alhali abin da ake nufi shi ne ilmin 'ya'ya, wato *ingenuous*. Daga baya malaman nahawu sun raba gardamar, kowace siffa ta koma gidanta, amma an yi asara ɗaya wadda ba a mayar ba. Sunan da aka ciro daga *ingenuous* shi ne *ingenuity*, kuma da farko ma'anarsa mutunci da tsarkin zuciya. Daga wajen shekarun 1640 ya fara ɗaukar ma'anar dabara da ƙirƙira. Samuel Johnson, a ƙamusunsa na 1755, ya kawo ma'anonin biyu, ya sa tsohuwar a gaba. Yau tsohuwar ta mutu sarai. Sunan da aka yi wa marar dabara ya zama sunan dabarar kanta, har sai da aka ƙera wa mai shi wani sabon suna mai nauyin faɗi, *ingenuousness*. Hausa ma ta sami rabonta daga wannan gida ba tare da ta sani ba, domin inji da injiniya jikokin *ingenium* ne.

Wannan rikici na haruffa shi ne aka fi ba da labarinsa, amma ba shi ne ya zubar da darajar kalmar ba. Abin da ya zubar da ita ya faru ne a fada.

Lokacin da ɗa ya zama bafade

A 1528 aka buga littafin Baldassare Castiglione a kan kamalar bafade, Thomas Hoby kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1561. Babban darasin littafin shi ne bafade ya wahala wajen koyon rawa da magana da hawan doki, sannan ya ɓoye wahalar, ya nuna kamar haka aka haife shi. Da zarar rashin ƙaƙale ya zama fannin da ake koya, to wanda rashin ƙaƙalensa na gaske ne ya zama wanda bai je makaranta ba ke nan. Francis Bacon, wanda ya san fadar Ingila ciki da waje, ya rubuta maƙala a 1625 yana ba da shawarar mutum ya yi suna da buɗaɗɗen hali, amma ya saba da riƙe sirri, ya kuma iya ɓad da kama in hali ya yi. A 1641 Torquato Accetto ya fitar da ɗan littafi a Napoli wanda sunansa kaɗai ya isa bayani: ɓoye zuciya irin na mutanen kirki. Bahaushe da ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba zai gane wannan makaranta.

Dalilin bai ɓuya ba. Manyan gidajen Turai, waɗanda a da kowa sarki ne a ƙasarsa, sun koma zaman jiran tagomashin sarki ɗaya. Abin ya kai ƙarshe a Faransa lokacin da Louis na 14 ya mayar da fadarsa Versailles a 1682, ya tara manya a ƙarƙashin rufi ɗaya, muƙami da fansho da auren 'ya'yansu duk suna rataye a kan murmushinsa. Ɗan babban gida ya wayi gari a matsayin da bawan Plautus yake: yana karanta fuskar ubangida kafin ya buɗe baki. Gaskiyar ɗa ta dogara ne a kan cewa ba ya tsoron kowa, yanzu kuwa kowa a fada yana tsoron wani. To wa ya rage yana faɗin abin da ke ransa? Yaro, da 'yar ƙauye, da baƙon da bai san dawan garin ba.

Gidan wasan kwaikwayo ya riga ƙamus ganin wannan sauyi. A wasan Molière na 1662, *L'École des femmes*, wato makarantar mata, wani dattijo ya sa an rene yarinya mai suna Agnès cikin jahilci tun tana shekara 4, don ya aure ta ba ta san komai ba. Tsabar rashin wayonta ta sa take ba shi labarin saurayin da ke zuwa wurinta dalla-dalla, ba ta san tana soka masa wuƙa ba, kuma a ƙarshe saurayin ne ya same ta. A 1666 Molière ya juyo kan namiji: Alceste na wasan *Le Misanthrope* ya rantse ba zai yi wa kowa daɗin baki ba, ya gaya wa wani bafade cewa waƙarsa ba ta da kyau, ya jawo wa kansa ƙara, ya ƙare yana shirin barin mutane. 'Yan kallo suna girmama shi, suna kuma yi masa dariya. A Landan, bayan dawowar sarauta a 1660, William Wycherley ya kawo irin waɗannan mutane dandali, 'yar ƙauyen da aka kawo birni a 1675, da mai faɗin gaskiya ba sakaye a 1676. A cikin waɗannan shekaru na 1670 ne *ingenuous* ta fara ɗaukar ma'anar marar wayo. Shekara 20 kafin nan Ingilishi ya ari *naive* daga Faransanci, ya kuma ƙera *disingenuous*. Harshen yana tara kayan aikin da zai bambanta mai farar zuciya da mai kwaikwayonta.

Wanda ya fi kowa cin moriyar sabuwar ma'anar shi ne Voltaire, a ɗan littafinsa na 1767 mai suna *L'Ingénu*. Labarin wani saurayi ne da ya tashi cikin ƙabilar Huron ta Kanada, ya sauka gaɓar Faransa a 1689. Ana kiransa da wannan laƙabi ne don yana faɗin abin da yake tunani, yana kuma yin abin da ya ga dama. Wani limamin coci da 'yar'uwarsa suka gano ɗan ɗan'uwansu ne da ya ɓace, suka ba shi Sabon Alkawari ya karanta. Nan rigima ta fara, domin saurayin ya ɗauki littafin da gaske. Ya ce sai an yi masa kaciya kamar mutanen da ya gani a ciki. Ya tafi kogi yana jiran a yi masa baftisma a can, tunda bai ga inda aka yi ta da ɗan ruwa a kwano ba. Da aka sa shi ya faɗi zunubansa gaban wani malamin coci, yana gamawa sai ya danne malamin ya ce saura kai, ai nassin cewa ya yi a faɗa wa juna. Bai yi gardama da addinin ba ko sau ɗaya. Tambayarsa kullum ɗaya ce, me ya sa abin da ake yi ya bambanta da abin da aka rubuta.

Rabin farko ban dariya ne, rabi na biyu kuwa ba shi da daɗin ji. Ya kamu da son budurwar da ta tsaya masa a matsayin uwar baftisma, dokar coci kuma ta haramta irin wannan aure. Ya taimaka aka kori Ingilishi da suka kawo hari, ya kama hanyar Versailles don neman lada da izinin aure. A garin Saumur ya ci abinci da 'yan Furotesta da ke gudun hijira bayan soke dokar da ta ba su kariya a 1685, ya tausaya musu a fili, ya ce zai gaya wa sarki gaskiya. Akwai ɗan leƙen asiri a teburin. Da ya isa fada bai ga sarki ba. Takarda mai hatimi ce ta same shi da dare, aka jefa shi kurkukun Bastil ba tuhuma ba shari'a. Voltaire ya san wurin, don shi ma ya yi wata 11 a ciki daga 1717. Budurwar ta bi sawunsa, wani babban jami'i ya ce ba zai sa hannu a sake shi ba sai ta ba da kanta, wani malamin coci kuma ya lalubo mata hujjar da za ta halatta hakan. Ta yarda, aka sake shi, baƙin ciki ya kashe ta. Shi kuwa ya fito da ilmin da ya samu wurin wani tsoho abokin ɗaurinsa, ya zama hafsan soja, ya kuma sauya suna.

Voltaire yana gefen saurayin, babu shakka. Amma a lura da inda ya je ya samo shi. A Rum mai wannan suna shi ne ɗan gari na asali, wanda aka haifa a ciki. A 1767 sai da aka tsallaka teku aka shiga daji kafin a sami wanda zai ɗauki sunan, kuma ranar da ya waye ya ajiye shi.

Immanuel Kant ya bayyana abin da mai kallo ke ji a gaban irin wannan mutum, a littafinsa na 1790 a kan hukuncin hankali. A ganinsa, ɓoye zuciya ya zame wa mutane jiki har ya zama kamar halitta, don haka idan gaskiyar asali ta ɓullo ba zato sai a yi dariya ga wanda bai iya ɓoyewa ba, a kuma ji daɗi a ɓoye cewa halin bai mutu ba. Ya ƙara da cewa koyon rashin wayo a matsayin fanni magana ce mai karo da kanta. Marubutan labari sun nuna cewa ko da ba a iya koyonsa, ana iya sayar da jabunsa. Kalmar *ingénue*, wadda a dandalin Faransa take nufin matsayin budurwa marar wayo irin Agnès, ta bayyana a Ingilishi a littafin Thackeray na 1848, *Vanity Fair*. Wadda aka siffanta da ita kuwa ita ce Becky Sharp, macen da ta fi kowa makirci a littafin, tana sunkuyar da kai lumbu-lumbu, wutar ƙaiƙayi.

Akwai wani abin mamaki game da *naive*, wadda yau ta kusa zama ma'ana ɗaya da *ingenuous*. Asalinta *nativus* ne, shi ma daga haihuwa. A dokokin Ingila na tsakiyar zamani *nativus* shi ne wanda aka haifa cikin bautar gona, kusan abin da Hausawa ke kira bacucane. Kalmar wanda aka haifa ɗa da kalmar wanda aka haifa bawa sun taso daga gabas da yamma, sun haɗu a kan mutum ɗaya, wanda bai san duniya ba. *Silly* ma, wadda yau take nufin wawa, a tsohon Ingilishi mai albarka take nufi, ta bi ta kan marar laifi da abin tausayi kafin ta iso inda take. Mai jin Hausa ya san wannan gangara. Idan aka ce wane ai bawan Allah ne, ko salihi ne, sautin muryar ne ke nuna ko yabo ake yi ko ana cewa kowa na iya cutarsa.

Wuri ɗaya da tsohuwar ma'anar shari'a ta sake tashi da rai shi ne Barazil, ƙasar da aka kai bayi masu yawa daga Afirka ta Yamma, har da Hausawan da suka yi yunƙurin tawaye a Bahia a 1807. Ranar 28 ga Satumba 1871 aka sa hannu a dokar da ta ce duk abin da baiwa ta haifa daga ranar ɗa ne. Waɗannan yara aka riƙa kira *ingênuos*, da sunan da Gaius ya sani. Sai dai dokar ta bar su a hannun ubangidan uwarsu har shekara 8, daga nan ya zaɓa: ko ya karɓi diyya daga gwamnati, ko ya ci gaba da mora aikinsu har su kai 21. Mafi yawa aikin suka zaɓa. Da aka soke bauta gaba ɗaya ranar 13 ga Mayu 1888, babu ko ɗaya cikin yaran da ya kai shekara 21. Turawan mulkin mallaka sun bi irin wannan dabara a Arewacin Nijeriya, inda dokar 1901 ta 'yanta waɗanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar, ba a kuma soke bautar kanta a doka ba sai 1936.

Abin da ya rage

A Ingilishin yau *ingenuous* kalmar littafi ce, ba a cika jin ta a hira ba. Ta fi *naive* taushi, domin *naive* tana zargin hankalin mutum, ita kuwa tana duban zuciyarsa. Ta bambanta da *candid* da *frank*, waɗanda ke siffanta wanda ya san abin da gaskiya za ta jawo masa ya kuma zaɓi ya faɗe ta. Mai *ingenuous* bai zaɓa ba, bai ma san akwai wata hanyar ba. Shi ya sa ta dace da murmushin yaro ko tambayar sabon ɗalibi, amma in aka ɗora ta a kan jakada ko manajan banki ta zama suka cikin ladabi.

Kishiyarta ce ta gaji ƙarfin gidan. *Disingenuous* ta fi uwarta yawo nesa ba kusa ba, a jaridu da hukuncin kotu da muhawarar siyasa, kuma sau da yawa ana fassara ta da "maƙaryaci", wanda bai yi daidai ba. Ba ta cewa mutum ya faɗi abin da ba haka ba. Cewa take yi ya san fiye da abin da ya nuna, ya ari fuskar marar wayo don ya kauce wa tambaya, kowace jimlarsa tana iya zama gaskiya amma an jera su don a ɓatar da mai sauraro. Abin da Bahaushe zai kira rainin hankali ne, ko ya ce wane ya yi kamar bai gane ba. A cikinta ne kaɗai tsohuwar ma'anar ɗiyauci ta tsira, domin zargin da take yi shi ne mutum ya yi abin da bai dace da mai mutunci ba.

Amfaninta ya fi fitowa a Majalisar Wakilan Birtaniya, inda al'ada ta hana ɗan majalisa ya kira ɗan'uwansa maƙaryaci a zauren. A watan Yuli 2021 an umarci 'yar majalisa Dawn Butler ta fice daga zauren na sauran ranar, saboda ta ce Firayim Minista Boris Johnson ya yi ta yi wa majalisa ƙarya, ta kuma ƙi janye maganar. Bayan shekara biyu, ranar 15 ga Yuni 2023, kwamitin majalisar mai kula da haƙƙoƙinta ya fitar da rahoto a kan bayanan da Johnson ya yi game da shagulgulan da aka yi a ofishinsa lokacin kullen korona. Kwamitin ya yanke cewa ya yaudari majalisa da gangan. Da ya zo kan yadda Johnson ya yi ƙoƙarin sake fassara kalamansa na baya don ya kauce wa ma'anarsu ta fili, kalmar da ya zaɓa ita ce *disingenuous*. Ya ce da Johnson yana nan da ya ba da shawarar a dakatar da shi kwana 90. Johnson ya riga ya sanar da ajiye kujerarsa tun ranar 9 ga watan, bayan ya ga daftarin rahoton.